Kyamarar mota mai ido biyu: ta wanke ni a gaban masu kaki, ta tona ni a gaban matata

Ni direban haya ne a Abuja, irin namu da ake kira ta manhajar waya. Tsohuwar Corolla ce a hannuna, a Mararaba nake kwana, ina sallame asuba nake kama hanya kafin gadar Nyanya ta cushe. Wata 9 ke nan da na liƙa kyamara a gilashin gaba, kuma duk inda muka haɗu da abokan sana'a, ko wajen wankin mota ko bakin masallaci, tambayar ɗaya ce: ta ci kuɗinta kuwa? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba son kayan zamani ne ya sa na saye ta ba, haushi ne. Bara wani mai kaki ya ɗaga mini hannu a wata mahaɗa ta wajen Garki, ya ce ya gan ni da waya a kunne. Na ciro wayar daga maƙalinta na buɗe masa jerin kira, kira na ƙarshe ya kai minti 40. Ko kallon kirki bai yi ba ya ce, “Ai gogewa ce sana'arku.” Nan magana ta mutu, don ba ni da abin da zan ɗora a kan rantsuwa. Rabin yini ya tafi, fasinja ya sauka ya kira wata motar, abin da ya fita daga aljihuna kuma ba na son tunawa. Ba zan faɗi kalar kakin ba. Masu tsayar da mota a titunan Abuja sun fi hukuma uku, ba zan shafa wa hukuma guda kashin kaji saboda mutum ɗaya ba.

A wani shago a Wuse na same ta, naira 48,000, sai katin ajiya mai gigabait 64 a kan 9,000. Kada a tambaye ni sunan kamfani: sunan da ke jikin kwali daban, wanda ke fitowa idan ta kunnu daban, na manhajarta ma daban. Irin waɗannan ƙirar Sin ɗin ne da ake zubo su buhu-buhu kowa ya buga sunansa. Akwai masu suna irin su 70mai da Viofo da Vantrue, na gan su a shagon, kuɗin ne ya fi ƙarfina a lokacin. Girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Ido ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon cikin mota, kewaye da shi akwai 'yan fitilu huɗu da idon mutum ba ya ganin haskensu amma su ke sa ta gani cikin duhu. Ramin kunna sigari ake soka cajarta, mota na tashi ta fara ɗauka, ba sai ka taɓa komai ba. Tana yanka bidiyon minti uku-uku, kati ya cika ta koma ta taka mafi tsufa. Katin nawa yana ɗaukar wajen awa 6 idan ido biyun na aiki. Ma'ana abin da ya faru da safe, in ba ka kulle shi ba, kafin la'asar ya tafi. Wannan shi ne abu na farko da mai shago bai gaya mini ba.

Hotonta da rana ba laifi. Lambar motar da ke gabanka tana karantuwa idan tazarar ba ta wuce tsawon mota biyu ko uku ba. Da dare kuwa fitilar motarka na dukan lambar sai ta zama farin allo, ba ka ganin komai, shi ya sa na koyi karanta lamba da baki in wani ya yi mini ganganci, tunda tana ɗaukar murya. Idon ciki baƙi da fari yake nunawa da dare, fuska ta fito kamar ta aljani, amma hannu da abin da ke hannu suna fitowa sarai, ni kuwa abin da na saya ke nan.

To, ranar da ta yi mini rana.

Wata Talata ce cikin zafin watan Maris, haƙorin dama na ƙasa ya hana ni barci kwana biyu. Na ɗauko wata dattijuwa daga Wuse zuwa tashar jirgin ƙasa ta Idu, Kaduna za ta. A danja na sayi fiya wata mai ƙanƙara, na naɗe ledar a baƙin hankici na danna a kumatu, hannun hagu na kan sitiyari. Ba mu yi nisa ba sai ga wani matashi cikin kaki ya faɗo tsakiyar titi yana nuna ni da yatsa.

“Faka! Faka nan, oga direba!”

Ina tsayawa ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, kamar motar gidansu. Ya ce waya nake yi. Na ce, “Yallaɓai, haƙori ne, ga abin da ke hannuna.” Na warware hankicin, ruwa na ɗiga a wandona. Ya ce ya san wannan dabarar, na jefa wayar ƙarƙashin kujera na ɗauki ruwa. Na nuna masa wayar a maƙale a gaban mota, taswira a buɗe. Ya ce direban haya da waya ɗaya? Ina ta biyun? Dattijuwar ta sa baki daga baya ta ce, “Ɗana, ka ji tsoron Allah, tun Wuse bawan Allahn nan bai yi magana da kowa ba sai ni.” Ya ce mata, “Mama, ba ruwanki, aikinmu muke.” Ya riga ya zaro littafi, yana neman lasin da takardun mota, yana cewa ofis za mu.

A nan na miƙa hannu na danna maɓallin kulle bidiyo, na ce masa, “Yallaɓai, kafin ka rubuta, a kira babbanku mu kalli wannan tare.” Sai a lokacin ya lura da ita. Ya ce wa ya ba ni izinin ɗaukarsa. Na ce ba shi na sa wa ba, kaina na sa wa, shi ne ya shigo ya zauna a gabanta.

Babban nasu ya taso daga inuwa, mutum mai furfura a gemu, Bahaushe ne daga jin sallamarsa. Nan kyamarar ta fara ba ni kunya. Na so in buɗe bidiyon a waya don allon ya fi girma, manhajar ta ƙi haɗuwa. Haka take: sai ka kashe datar wayarka, ka shiga siginar kyamarar, wayar ta yi ta ƙorafin babu intanet tana neman ficewa, ka lallashe ta. A gida minti biyu ne, a bakin titi da mutum biyu a kanka da gumi a hannu kuwa shekara ce. Na haƙura na ciro kyamarar daga maƙalinta, muka haɗa kai mu uku a kan allon da bai fi kwalin ashana ba, rana na dukansa.

Ga ni nan a danja ina miƙa naira ɗari ta taga. Ga ni ina naɗe leda a hankici. Ga hannu ya tafi kumatu, ya zauna, bakina a rufe, muryar Hajiya ce kawai ke tashi tana ba ni labarin jikarta da za a yi wa suna. Sai matashin ya hango wani abu a ƙasan hoton ya ɗaga murya: “Oga, duba kwanan wata! 2020! Tsohon bidiyo ne!” Na duba, gabana ya faɗi. 1 ga Janairu, 2020, ƙarfe sha biyu da 'yan mintoci. Agogonta ya koma farko ban sani ba.

Dattijon bai ce komai ba. Ya ce in juya zuwa idon gaba. Na juya. Sai ga matashin nan da kansa ya faɗo titi yana nuna yatsa, da rigarsa mai ƙyalli da komai. Dattijon ya dube shi ya ce, “Kai ma a 2020 kana nan wurin?” Hajiya ta yi dariya har da tafi. Ya miƙo mini lasin ɗina ya ce, “Malam, ka je. Amma ka riƙe sitiyari da hannu biyu, haƙori a kai shi asibiti.” Wannan kam gaskiyarsa ce, ban yi musu ba.

Minti 25 muka yi a wurin. Mun iske jirgin, da ƙyar, Hajiya na gudu-gudu sauri-sauri da jakarta.

Yanzu bari in yi wa matashin adalci, don na daɗe ina juya abin. Ban yi imani sharri ya shirya mini ba, aƙalla ba da farko ba. Ka tsaya a bakin titi ka gani. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Mai kallo daga gefe daƙiƙa ɗaya ko biyu gare shi, ta cikin gilashin da rana ke haskawa, ya ga baƙin abu a hannu, hannu a gefen fuska. Ko ni ne zan ce waya ce. Ido yana cike gurbin abin da bai gani ba da abin da ya saba gani, kuma a titin nan abin da ya saba gani ke nan, don cikin direbobi goma da ke da hannu a kunne ba masu ciwon haƙori ne suka fi yawa ba. Kuskuren gani ba shi ne damuwata ba. Damuwata abin da ya biyo baya: da aka nuna masa ruwa sai ya ƙirƙiro waya ta biyu, da aka nuna masa bidiyo sai ya kama kwanan wata. Tsarin bai bar masa ƙofar cewa “na yi kuskure” ba tare da ya ji ya faɗi ba, kuma bai ɗora masa asarar komai ba in ya dage. Ni ke asarar fasinja da mai da yini, shi ko biro bai ɓata ba.

Ba a ba ni haƙuri ba. Ba kuma inda aka rubuta cewa an tsayar da mota kaza a kan kuskure. Sunansa ma ban gani ba, rigar ƙyallin ta rufe inda yake a ƙirji. Bayan kwana biyu na rubuta takardar koke na kai ofishinsu da bidiyon a filashi, ban nemi a kori kowa ba, na dai ce a duba. Wata mata ta karɓa da fara'a, ta buga hatimi a kwafina. Har yau shiru.

Hanyoyin koke dai akwai su a takarda. 'Yan sanda suna da sashen karɓar ƙorafi da suka buɗe a 2015, akwai Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a tun 1975, ga teburan SERVICOM masu karɓar ƙorafi kan aikin gwamnati a ma'aikatun tarayya tun 2004. Kotu ma takan tsawatar. A Oktoban 2024 Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, ba su da hurumin tsayar da mota a titi, ko kama ta, ko cin tarar direba, kuma lauya ɗaya ne ya shigar da ƙarar. Amma kowace ƙofa ka je, tambayar farko ita ce ina hujja. A nan ne zancen agogon nan ya zama babba. Wani lauya da nake yawan ɗauka zuwa kotu ya gaya mini cewa sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana karɓar abin da na'ura ta naɗa, amma sai ka nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, har da takardar shaidar hakan. Bidiyon da ya ce 2020 alhali abu ya faru bana, ka ba lauyan ɗaya ɓangaren tuwo da miya. A bakin titi dattijo mai hankali ya cece ni, a gaban alƙali ban san yadda za ta kaya ba.

Dalilin ɓacin agogon na gano shi daga baya. Ɗan ƙaramin batir ne a cikinta, shi ke riƙe lokaci idan mota na kashe, shi kuma ke ba ta damar rufe bidiyon ƙarshe. Zafin gilashin gaba a Abuja tsakanin Fabrairu da Afrilu ba wasa ba ne, ka bar mota a rana awa biyu sitiyari ma ba ya taɓuwa. Batirin ya dahu, bayan kyamarar har ya ɗan kumbura. Masu tsada ba batir suke amfani da shi ba, wani abin riƙe wuta ne da ake kira kafasita, ya fi jure zafi, kuma mai GPS daga tauraron ɗan'adam take ɗaukar lokaci, ba ruwanta da saitinka. Da na san haka da na ƙara haƙuri na tara kuɗin. Yanzu kullum da safe, bayan duba ruwa da baƙin mai, sai na duba kwanan watan kyamara.

Sauran aibobinta a gurguje. Robar da ke manne ta da gilashi tana sakin jiki in rana ta yi, sau uku tana faɗo mini a cinya ina tafiya, sai da na sa mai wayarin ya liƙe ta da gam mai fuska biyu ya kuma bi da wayar ta cikin rufi. Na'urar jin girgiza da ke kulle bidiyo in an yi karo ba ta san ramukan Mararaba ba, kowane rami haɗari ne a wurinta, cikin mako biyu ta cika katin da bidiyoyin da ba sa goguwa ta daina ɗauka ba tare da ta yi ƙara ba. Na mayar da ita matakin ƙasa, kuma duk Juma'a ina wanke katin. Katin farko ma wata uku ya yi ya mutu, na koma irin wanda aka yi don kyamarar tsaro. Abu mafi ciwo: da zarar ka shiga kallon bidiyo a allonta, ta daina ɗauka. Duk maganar 2020 ɗin nan da amsar dattijon, babu su a kati, a kaina kawai suke. Idon cikin kuma ba ya ganin maƙalin waya tunda a ƙarƙashinsa yake, don haka tana iya nuna abin da ke hannunka, ba ta iya nuna inda wayarka take.

Fasinja fa? Na liƙa 'yar takarda a bayan kujera cewa akwai kyamara a motar. Tun da aka yi dokar kare bayanan jama'a a 2023 ma bai kamata ka naɗi mutum a ɓoye ba, balle mata da ke shiga su gyara mayafi ko su shayar da yaro. Mutum biyu sun ce in kashe murya, na kashe, maɓalli ɗaya ne. Ban taɓa sa bidiyon kowa a intanet ba, har na matashin nan, ko da yake abokai sun so in watsa.

Ga ɓangaren da ban cika ba da labarinsa a wajen wankin mota ba. Daren da abin ya faru na zauna ina nuna wa matata bidiyon a kwamfutar ƙanenta, ina cika baki. Ta ce a bar shi ya ci gaba. Muka koma baya, safiyar ranar, kafin in ɗauki Hajiya, ɓangaren da katin bai kai ga takawa ba. Ta fara ƙirga da yatsu. Ga hannuna ya tafi ƙasan hoto, idona ya bi shi. Ga shi kuma. Karɓar fasinja, duba inda zai sauka, amsa saƙon wanda ke tambaya ina nake. Cikin awa ɗaya ta ƙirga 11. Ɗaya daga ciki a kan babbar hanyar AYA ne, idona ya bar titi daƙiƙa uku cur, muka ƙirga a agogon bidiyon. A gudun kilomita 80, mita 66 ke nan na yi ido rufe, fiye da rabin filin ƙwallo. A idon gaba kuwa ga wata mata da tire a ka tana neman tsallakawa, ta sa ƙafa ta janye. Ni ban ma san an yi ta ba.

Matata ta ce, “Abban Sadiya, ashe yaron can bai yi ƙarya ba, lokaci kawai ya kuskure.” Ban sami abin cewa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mu direbobin manhaja mun ɗauka tunda waya na maƙale ba a kunne ba, mun fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar haɗari, kuma magana ba tare da riƙe wayar ba ma ba ta rage wani abin kirki. Tarar da ke cikin jadawalin Hukumar Kiyaye Haɗurra da muka daɗe da sani naira 4,000 ce da maki 4 a lasin. Ba tarar ce ke ba direba tsoro ba, ɓata yini ne, shi ya sa mai laifi da mara laifi duk suke gwammace a sasanta a bakin titi, shi ya sa kuma kuskuren jami'i ba ya taɓa isa inda za a ƙirga shi. Yanzu in kira ya shigo ina kan babbar hanya, barinsa nake ya wuce. Manhajar tana rage mini daraja a kan haka, na sani, ina gani.

Wanda ya tambaye ni ko ya saya, ina ce masa ya saya, amma ba irin tawa ba. In don rigimar waya ce, mai ido ɗaya ba za ta yi maka komai ba, titi kawai take gani, dole mai kallon ciki. Ka nemi mai kafasita da GPS, ka gwada manhajarta a shagon kafin ka biya, ka koyi inda maɓallin kullewa yake har hannunka ya san shi ba sai ka duba ba. In an tsayar da kai kada ka fara da “ina ɗaukarka”, wannan faɗa ne kake saye. Ka yi sallama, ka ba da takardu, ka kulle bidiyon, ka nemi babbansu.

Haƙorin an cire shi sati biyu bayan nan. Kwafin takardar koken yana cikin aljihun mota tare da inshora, hatimin ya fara dusashewa saboda zafi. Ina tara kuɗin sabuwar kyamara, na kai rabi. Tsohuwar kuma ƙanen matata ya ce in bar masa ya sa a kekensa, na ce sai ya yarda yayarsa ta riƙa kallon katin duk Juma'a. Har yanzu bai dawo da amsa ba.